Daga Allon Malam: Kafin Maigida Ya Sayi Kat-Kat

 

A wannan karon za mu ajiye maganar makaranta da jarrabawa a gefe, mu taɓa wani zance da ya yi yawa a bakin masu gida a nan Malanville, a majalisar bayan la'asar, da rumfunan kasuwa, da wajen ɗaurin aure, wato sayen motar iyali. Motar da ake nufi kuwa ita ce mai dogayen ƙafafun nan da muke kira kat-kat, ƴan'uwanmu na Kamba da Birnin Kebbi kuma su ce jip. Wanda Allah ya buɗa wa a cinikin albasa ko shinkafa yana son ta, ma'aikacin da ya kusa ajiye aiki yana son ta, ƴaƴan da ke Kwatano ko Turai kuma suna son su haɗa kuɗi su saya wa tsoho. Wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta mai babur da zancen kat-kat? To, lissafi ne ya haɗa mu. Shi aka koya mana a makarantar horon malamai, ita kuwa mota, in aka cire fenti da ƙamshin kujera, abin da ya rage lissafi ne.

Mu fara da yi wa masu son motar adalci, domin ba duka ne alfahari ke jan su ba. Mu mutanen bakin kogi nesa muke da komai. Daga nan zuwa Kandi kusan kilomita 100 ne, zuwa Paraku ya haura 300, zuwa Kwatano kuwa kimanin 730. In ciwo ya yi tsanani aka ce a wuce da majiyyaci Paraku, ko yarinya ta sami jami'a za a kai ta da katifa da buhun abinci, ko rasuwa ta faɗo a wani ƙauye ta wajen Karimama ko Madekali, mai motar kansa ba ya zaman jiran ta haya ta cika a tasha. Da zarar kuma an sauka daga babbar kwalta aka nufi ƙauyuka da gonakin fadama, sai rairayi da rani, taɓo da damina. Kafin Turawa su laƙaba wa garin nan sunan gwamnansu Malan, Tassi ake ce masa, wato rairayi da harshen Dandanci. Waɗanda suka raɗa sunan sun san ƙasar da suke takawa.

Iyayenmu sun ci nasu zamanin da Peugeot 504, musamman doguwar nan mai layin kujeru uku. Tun daga 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, saboda haka kayan gyaranta suna ƙetaro iyaka kamar goro, kuma kowane yaron makaniki yana iya kwance kafiretonta a gindin dogonyaro ya mayar kafin azahar. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka ninka kuɗi a dare ɗaya, sabuwar mota ta yi wa ma'aikaci nisa, tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta cika da tsofaffin motocin Turai, waɗanda mu muke kira venue de France, mutanen Najeriya kuma su ce ƴan Kwatano. A cikin wannan shekarar dai ta 1994 Toyota ta fitar da RAV4, wadda ta buɗe ƙofa ga ƙananan jip masu jikin motar gari. Shekara talatin da wani abu bayan haka, su ne suka gaji 504 a zukatan masu gida, amma ba su gaji sauƙin gyaranta ba.

In maigida ya ce zai yi sabuwar mota, sai a tambaye shi wace iri, domin kalmar tana da fuska uku a wurinmu. Akwai sabuwa fil, wadda ake ɗaukowa a leda daga wakilan kamfanoni a Kwatano irin su CFAO. Akwai wadda ta sauko daga jirgi bayan ta gama aiki a Turai ko Amurka, tana jere a filayen Sekanji da Ekpe. Akwai kuma ta hannu, wadda wani ɗan ƙasa ya riga ya more.

Sabuwa fil ta daina zama mafarki kamar da. Dokar kasafin kuɗin ƙasa ta 2022 ta rage kuɗin duwan ƙwarai a kan sababbin motoci, ta kuma ɗauke musu harajin TVA, da nufin a rage tsofaffin ƙarafa a kan hanya. Irin wannan sassauci shekara-shekara ake duba shi, don haka a tambayi tiranzite abin da dokar bana ta ce kafin a yanke shawara. Ga kuma motocin Sin irin su Chery da Haval da Geely, masu kyan gani da kayan ƙawa, a farashin da bai kai na Japan ba. Mai sabuwa yana da takardar lamuni, wato in wani abu ya lalace cikin wa'adi kamfani ya gyara. Amma lamunin yana da sharaɗi, shi ne a riƙa kai motar garejinsu don juyen baƙin mai da dubawa a kan lokaci. Mutumin Kwatano wannan aikin hantsi ne a wurinsa. Mutumin Malanville kuwa ya tambaya tun kafin ya sa hannu, ina garejinsu mafi kusa, kwana nawa kuma gilashin gaba ko fitila ko famfon mai ke yi kafin su iso. Motar da za ta kwana arba'in tana jiran ƙarfe ɗaya daga bayan teku, arahar da aka gani a kanta kallon kitse ne aka yi wa rogo.

Mafi yawanmu dai ta jirgi za mu saya, saboda haka a nan za mu daɗe. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka nufo, kuma da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashen da suka baro ba. A cikinsu akwai na ƙwarai, akwai kuma waɗanda aka yi wa kwalliyar amarya alhali ciki ya ruɓe. Waɗanda ke zuwa daga Amurka, da yawa daga gwanjon kamfanonin asirans ake sayo su, wato motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma irin waɗannan ba duka ake niƙewa ba. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya a filin Sekanji, sai bayan wata huɗu wayoyinta su fara hauka, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilun allo su kunna kansu, jibi ta mutu tsakanin Bambereke da Kandi.

Yanzu mu zo kan allo. Kuɗin da aka ba dillali shi ne mafi ƙanƙantar magana, domin sau ɗaya ake biyansa. Mai kuwa kullum ne. Mu ɗauki motoci biyu, ɗaya mai ƙaramin inji tana shan lita 9 a kilomita 100, ɗaya mai silinda shida, irin manyan nan na Amurka, tana shan lita 14 in an loda iyali an kunna sanyi. Mu sa lita a sefa 700 don sauƙin lissafi. Zuwa Kwatano da dawowa kilomita 1,460 ne. Ta farko za ta sha lita 131, wato kusan jikka 92. Ta biyu za ta sha lita 204, wato jikka 143. Bambancin tafiya ɗaya tak jikka 51 ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, tun da aka ƙara shi a Janairun 2023, jikka 52 ne. Ke nan babbar motar tana ƙone albashin wata guda na lebura a tafiya ɗaya, a kan abin da ƙaramar ta riga ta sha. In maigida yana yin kilomita 12,000 a shekara, bambancin ya zama lita 600, wato jikka 420. A ajiye wannan adadi kusa da kuɗin makarantar yara uku a ga wanda ya rinjayi wani.

Wani zai ce ai Malam ya manta da kpayo. Ba mu manta ba. Shekaru da yawa man kwalba da ke ƙetarowa daga Najeriya shi ya sa muka raina shan mota, har mutum ya sayi inji mai ƙishirwar raƙumi bai ji a jikinsa ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin ƴan kwanaki kuɗin kwalba ya tashi har ya wuce na gidan mai, aka ga layi a famfunan da a da ƙuda kaɗai ke ziyarta. Wanda ya gina lissafin motarsa a kan arahar da wata gwamnati ke biya a wata ƙasa, ya ga yadda take ƙarewa a rana ɗaya. Ban da haka, injunan zamani masu allurar mai ba su da haƙurin 504. Ƙura ko ɗigon ruwa a cikin jarka ya isa ya kashe famfon mai.

Bayan mai akwai asirans, da harajin TVM wanda ke hawa gwargwadon ƙarfin inji, da bizit teknik a wurin CNSR, da kuɗin shingayen hanya. Akwai taya, kuma tayar kat-kat huɗu ba wasa ba ce, musamman masu faɗin baki na inci 18 ko 19 waɗanda sai an aika Paraku ko Kwatano. Shawararmu ita ce wanda ke da miliyan 8 kada ya sayi motar miliyan 8. Ya nemi ta miliyan 6 da rabi, ya riƙe saura don takardu da taya da gyaran farko, domin babu ta jirgin da ba ta neman wani abu a wata ukun farko. Duk unguwa akwai gidan da aka sayar da fili ko shanu aka yi mota, yau ga ta nan a kan duwatsu huɗu kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Mu malamai mun fi kowa ganin ƙarshen wannan labari, domin a watan Satumba yaran gidan ne ke zuwa aji babu littattafai.

Sai maganar ranar sayarwa, domin mota a wurinmu ajiya ce kamar saniya. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Toyota tana da tsada a filin, amma ita ce ke samun mai saye da wuri, kuma makanikanmu sun san cikinta, kayanta kuwa ana samu sabo da na gwanjo. Honda da Hyundai da Kia suna biye. Manyan motocin Jamus da Ingila masu shekara goma sha biyar su ne tarkon: ana sayar da su da arha domin masu su na can sun san abin da ke tafe. Kada kuma a dogara da cewa in ta gundure mu sai mu tura ta ƙetare. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ta rufe iyakokin baki ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai aka toshe gadarmu ta Gaya, a 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren Nijar ta bar nata a rufe, masu motoci suka riƙa ajiye su a bakin ruwa suna shiga jirgin kwale-kwale kamar kowa. Mai saye ya auna motarsa da kasuwar cikin gida.

To, mu koma kan ƙarfi, inda aka fi yaudarar mutane. Sunan kat-kat yana nufin tayoyi huɗu duka suna ja, amma da yawa daga cikin jip ɗin da ke filayen Kwatano tayoyin gaba kaɗai ke ja, tsayin ne kawai na kat-kat. Kada a tsaya ga rubutun da ke manne a baya. A sunkuya a leƙa ƙarƙashi, a ga ko akwai doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, wadda makanikai ke kira farfela, domin akwai ma masu cire ta in ta fara ƙara. Sa'an nan su kansu masu ja da huɗu iri biyu ne. Akwai irin su RAV4 da CR-V da Highlander da Tucson, masu jikin motar gari, waɗanda ke taimakon kansu da tayoyin baya in na gaba sun zame. Akwai kuma irin su Prado da Fortuner da Land Cruiser, waɗanda aka ɗora a kan shasi kamar na babbar mota, suna da ƙaramar giya ta musamman don taɓo da hawa. Na biyun su ne dawakin daji na gaske, su ne kuma masu tsada da shan mai da jijjiga.

Maigida ya tambayi kansa tsakani da Allah, a cikin tafiya goma nawa ce ke barin kwalta? In yana da gona a fadama, ko yana bin kasuwannin ƙauye da damina, ko iyayensa suna can inda hanya ke yankewa a watan Agusta in kogi ya cika, to ya nemi mai shasi, ko ma ya duba Hilux mai gida biyu, wadda za ta ɗauki iyali a gaba buhuna a baya. In kuwa tafiyarsa Kandi ce da Paraku da kai yara makaranta, abin da yake bukata shi ne tsayin ciki daga ƙasa da tayoyi masu kauri, ƙaramar jip ta ishe shi. A rairayi ma direban da ya san ya rage iskar taya ya riƙe totur daidai yakan wuce inda mai babbar mota ya kafe. Ruwa kuwa ba a yi masa jarumtaka. In ya kai hancin da inji ke shaƙar iska, injin ya tafi ke nan, ko da Land Cruiser ce.

Gazuwal ko esansi? Tsofaffin injunan gazuwal na Toyota sun yi suna da juriya da ƙarancin sha, shi ya sa har yau ake neman su. Amma na Turai da aka ƙera daga wajen 2010 zuwa yau suna ɗauke da matatar hayaƙi a cikin salansa da allurai masu laushi, an yi su ne don man da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, har da Benin, ta tarar a wasu wurare farar wutar ta ninka ta Turai sau ɗaruruwa. A 2020 ƙasashen CEDEAO suka amince a sauko da ita zuwa kashi 50 cikin miliyan. Ko da an gyara na gidan mai, wa zai ba da shaidar na jarka? Ra'ayinmu, ga iyalin da ke nesa da manyan gareji, injin esansi mai silinda huɗu shi ya fi kwanciyar hankali. Giya mai canza kanta tana da daɗi, uwargida ma za ta fi saurin koyo da ita, amma a tabbata akwai wanda ya iya gyaranta kusa, a kuma kiyaye irin man da aka rubuta mata. Irin da ake kira CVT ba ta son lodi da zafi.

Wani abu da dillali ba zai faɗa ba shi ne doguwar mota ta fi gajeriya saurin kifewa, domin nauyinta yana sama. A ɗora buhuna da akwatuna a kan rufi, a cika mutum tara a ciki, a taka 130 a miƙaƙƙiyar hanyar Kandi, sai jaki ya ratso ko taya ta fashe, sauran labarin mun sha jin sa. Akwai wata na'ura mai suna ESC ko VSC da ke taka birkin kowace taya da kanta in mota ta fara zamewa. Amurka ta wajabta ta a kan motocin 2012 zuwa sama, Turai kuma daga Nuwamban 2014. In ana zaɓe tsakanin mai wannan na'ura da mai talabijin a bayan kujera, kada a yi dogon tunani. A duba kuma shekarun taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: in an ga 2319, to an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, kwaltar watan Afrilu ba za ta yi mata uzuri ba.

Maganar jin daɗi kuwa, a nan muke roƙon masu gida su yi shawara da uwargida, domin ita da yara ne ke zama a baya. Maigida yana gwada kujerar direba ya ji daram, bai taɓa zama a layi na uku ba. A yawancin jip masu kujera bakwai, layin ƙarshe na yara ne ƙanana, babba in ya zauna gwiwarsa tana taɓa haɓarsa tun kafin a kai Gene, kuma in an ɗaga shi wurin kaya ya ƙare, ko kular abinci da ƙyar. Mai mata biyu da ƴaƴa takwas ya sani jip ba za ta kwashe gidansa ba. Irin su Sienna ko ƙaramar bas sun fi yi masa amfani, ko da ba su da kwarjini a ƙofar masallacin Juma'a. A ƙidaya bel ɗin ɗaurewa, adadinsu shi ne adadin mutanen da motar ke ɗauka da gaskiya. A tuna da Hajiya tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda za a riƙa kaiwa asibiti, a ga ko za ta iya hawa ba sai an ɗaga ta ba.

Na'urar sanyi a garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu ba kayan ƙawa ba ce, musamman ga jariri da majiyyaci. A gwada ta da tsakar rana, mota a tsaye, a ga ko sanyin yana kai wa baya, a kuma sa ido a kan allurar zafin inji. Kujerar fata tana da kyau a ido, amma wanda ya zauna a kanta bayan ta wuni a rana ya san yadi ya fi ta mutunci. Baƙin fenti haka. Rufin gilashi mai buɗewa an yi shi don masu marmarin rana, mu kuwa tamu ta ishe mu, ga ƙurar hunturu da ke toshe magudanarsa har ruwan farko ya zubo a kan rawanin maigida. Mu ƙara da wannan a taƙaice: tun daga ƙarshen 2021 da aka fara kai hare-hare a arewacin ƙasar nan, musamman kewayen gandun dajin W, mai hankali ba ya son motar da ta fi kowace jan ido a hanyar ƙauye, ba ya kuma tafiyar dare.

Ranar ciniki, kada a yi cinikin biri a sama. Hoton da ɗan kamasho ya turo ta WhatsApp ba ya nuna tsatsa. Maigida ya tafi da kansa, ya ɗauki makanikinsa na gida wanda zai ci gaba da kula da motar, ya biya masa kuɗin mota da masauki, wannan kuɗi ba asara ba ne. A je da safe a tayar da injin yana sanyi, a ga kalar hayaƙi. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da wurin safaya a nemi laka ko tsatsa ko warin danshi. A jawo bel har ƙarshe a ga ko akwai alamar ruwa. A duba ko tazarar ƙofofi da bonet daidai take dama da hagu. A sa mai na'urar kwamfuta ya karanta cikinta, a kuma tabbata fitilar jakar iska tana kunnuwa in an murɗa makulli sa'an nan ta mutu, domin akwai masu cire ƙwan don ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe. A leƙa salansa a ga ko an yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda ake sacewa saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Lambar tafiya da ke kan allo ba abin rantsuwa ba ce, ana mai da ita baya, kuma ta Amurka da mil take ƙirga, sai an ninka da 1.6 a sami kilomita. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17. Ɗalibin sakandare mai waya zai iya shigar da ita a intanet, sau da yawa har hoton motar a filin gwanjo yakan fito, a ga yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta.

Takardu kuwa, mu mutanen iyaka mun fi kowa fuskantar jaraba. Za a kawo mota da arha a ce ta tiranzit ce, wato an biya mata kuɗin wucewa zuwa wata ƙasa, ba a biya na zama a Benin ba. Ko a kawo mai lambar Najeriya a ce takardar izinin shiga ta isa. Takardar izini ta baƙo ce mai wa'adi. Ranar da ƴan duwan suka tare motar, abin da za a biya zai shafe arahar har ya ci uwar kuɗi, in ma ba a rasa motar ba. A ga takardar biyan duwan ta asali, a gwada lambar shasin da ke kanta da wadda ke jikin ƙarfe harafi da harafi, a yi kart giriz a ANaTT da sunan mai ita. In ta hannu ce, a yi takardar sayarwa a gaban hukuma, a canza suna, ko da daga hannun ɗan'uwa aka saya. La'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a fara zagaya fili.

In ciniki ya faɗa, kada ɗoki ya sa a kamo hanya a ranar. A kwana biyu a Kwatano, a juye baƙin mai da na giya, a canza matatun mai da na iska, a duba birki da lagireto da bel ɗin inji, a sayi taya sababbi in na kanta sun tsufa, a tabbata akwai jak da safaya mai iska. A fito da asuba, a yada zango a Paraku makaniki ya sake leƙa ƙarƙashi ya ga ko wani abu yana ɗiga, washegari a ƙaraso gida da rana tsaka.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma aji, mu duba shirin jarrabawar CEP da abin da ya rataya a wuyan iyaye.